Neman shawara: yaya za mu koya wa ɗaliban sakandare bincike da tantance bayani?

Malamar Tarihi, Tudun Wada:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe da iyayenmu da malamanmu da ke wannan zaure, da fatan an wuni lafiya. Ni malama ce a wata sakandaren gwamnati a nan Zariya, ina koyar da Tarihi da Gwamnati a manyan azuzuwa, kuma akwai wata matsala da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, wadda nake so waɗanda suka riga ni gogewa su haska mini hanya a kanta.

Duk lokacin da na ba ɗalibai jinga, misali na ce su rubuto tarihin Masarautar Zazzau, abin da ke biyo baya kusan iri ɗaya ne. Sai su yi karo-karo su tura mutum ɗaya shagon kwamfuta, mai shago ya rubuta kan maganar a Google, ya buga musu shafin farko da ya fito, a yi fotokofi daidai yawan 'yan ajin, kowa ya rubuta sunansa a sama da biro ya miƙo mini. Wani lokaci har da layukan talla da ke gefen shafin ake kawowa, domin babu wanda ya karanta takardar balle ya cire su. A 'yan shekarun nan kuma salon ya sauya, waɗanda ke samun aron wayar yayyensu suna sa ƙirƙirarriyar basira ta rubuta musu, sai ka ga Turanci tsaf babu kuskure, amma idan ka ɗauki jimla ɗaya ka ce yaro ya bayyana ma'anarta sai ya sunkuyar da kai. Idan na tambayi inda aka samo bayanin, amsar ba ta wuce "a Google" ko "a waya", kamar dai wayar ce ta shaida abin da idonta.

Abin bai tsaya a jinga ba. Kusan kowane mako sai wani ya ɗaga hannu a aji ya kawo wata magana da ya ji a WhatsApp ko TikTok, game da siyasa ko magani ko wata ƙabila, yana faɗinta da yaƙini, kuma hujjarsa kawai ita ce ya ga bidiyon.

Halin da muke ciki shi ne, ajin ya cika ya batse, darasi minti arba'in ne, an hana ɗalibai shigowa da waya, wutar lantarki sai an yi sa'a, ɗakin da aka ware domin laburare kuwa ya zama ma'ajiyar karyayyun kujeru. To a irin wannan hali, shin ya kamata mu nemi a ware darasi na musamman domin koyar da bincike, ko kuwa a cusa shi cikin darussan da ake da su? Daga wane aji ya dace a fara? Kuma me malami zai iya yi da allo da alli kawai?

Tsohon ma'aikacin laburare, Samaru:

Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya yi miki albarka da kika kawo wannan magana. Na yi aikin laburare a jami'a har na yi ritaya, saboda haka yaran da kike magana a kansu ni nake karɓarsu bayan sun bar hannunku, kuma na sha ganin ɗalibin da ya ci jarrabawar shiga jami'a da maki mai kyau amma bai san cewa a bayan littafi akwai jerin kalmomi da lambar shafin da kowace take ba. Jami'o'i suna da darasin amfani da laburare a shekarar farko, sai dai a lokacin ɗabi'ar kwafa ta riga ta zauna, gyaranta kuma sai an sha wahala.

Maganar ba sabuwa ba ce. Tun 1974 wani Ba'amurke, Paul Zurkowski, ya fara kira da a ɗauki iya neman bayani da sarrafa shi a matsayin wani ilimi mai zaman kansa, a 1989 kuma ƙungiyar laburarorin Amurka ta fayyace shi da cewa mutum ya san lokacin da yake buƙatar bayani, ya iya nemo shi, ya auna ingancinsa, sannan ya yi amfani da shi yadda ya dace. A nan gida ma, Jami'ar Ahmadu Bello ta buɗe sashen horar da ma'aikatan laburare tun 1968, ga kuma Laburaren Kashim Ibrahim a Samaru. Masana ba su ne muka rasa a garin nan ba. Abin da ya yi ƙaranci shi ne hanyar da iliminsu zai sauko daga Samaru ya shiga ajin sakandare a Tudun Wada ko Ƙofar Gayan.

Game da tambayarki ta farko, ni ba na goyon bayan a ware darasi na musamman. Na san halinmu. Da zarar ya zama darasi mai zaman kansa, za a rubuta masa bayanin da za a kwafa a allo, a jarrabawa a ce "kawo siffofi biyar na majiya ingantacciya", yaro ya haddace ya zuba ya ci, ya fita ya ci gaba da tura duk abin da aka turo masa. Gyaran yana cikin irin tambayar da malami ke bayarwa. Idan kika ce a rubuto tarihin Zazzau, kin ba da aikin da mai shagon kwamfuta zai gama cikin minti biyu, kuma yaran ba su yi wauta ba da suka kai masa. Ki ba su tambayar da ba ta da amsa guda a ajiye.

Ga misali daga fanninki. Ki tambaye su a wane zamani Sarauniya Amina ta rayu. Tsohon kundin tarihin sarakunan Kano, wanda wani Bature mai suna Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, ya ambace ta a zamanin Sarkin Kano Dauda, wanda aka lissafa mulkinsa daga 1421 zuwa 1438. Ruwayar da ta fi yaɗuwa a nan Zazzau kuwa ta ce 'yar Bakwa Turunku ce, wanda ake danganta kafuwar birnin Zariya da zamaninsa wajen 1536, wato ke nan ta rayu a ƙarni na 16. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello shi ma ya kawo labarin yaƙe-yaƙenta a littafinsa Infaƙul Maisuri, a farkon ƙarni na 19. Tsakanin ruwaya ta farko da ta biyu akwai tazarar fiye da shekara 100. Ki rubuta taƙaitaccen abin da kowace ta ce a allo, ki raba ajin rukuni-rukuni, kowane rukuni ya amsa waɗannan: wa ya rubuta, yaushe ya rubuta, shekara nawa ne tsakaninsa da Amina, daga wa ya ji, kuma mutumin wane gari ne? Kada ki yanke musu hukunci, domin masana tarihi kansu ba su haɗu a kan magana ɗaya ba. Abin da ake so yaro ya fita da shi shi ne cewa littattafai biyu masu daraja suna iya saɓawa, kuma akwai hanyar auna su ba tare da an ce ɗaya maƙaryaci ne ba. Daga nan sai ki nuna musu hoton nan nata da ke yawo, a kan doki da takobi, ki tambaye su wa ya ɗauka, tunda sai a ƙarni na 19 aka ƙirƙiro kyamara. A nan ne da yawa za su fara gane cewa zanen wani mai zane ne na zamaninmu, ya zana yadda ya raya a zuciyarsa.

Wani misalin kuma na jarida ne. A watan Janairun 1939 aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a garin nan, Abubakar Imam yana edita, kuma ɗaya daga cikin dalilan kafa ta shi ne kashe jita-jitar da ta bazu gab da Yaƙin Duniya na Biyu, har da raɗe-raɗin cewa Ingila za ta miƙa Nijeriya ga Jamus. Ki ba su wannan labari, sannan ki tambaye su wa ke biyan kuɗin buga jaridar. Gwamnatin mulkin mallaka ce, wadda ita ma tana da abin da take so jama'a su gaskata game da yaƙin. Wannan bai rage darajar jaridar ba, amma yana koya wa yaro cewa ko majiyar da aka kafa domin gyara labari tana da mai ita.

Batun laburare kuwa, kada ki jira a kwashe kujerun. Akwatin ƙarfe guda mai kwaɗo ya isa a fara: ƙamus, taswira, littattafan tarihi biyu ko uku na marubuta daban-daban, da tsofaffin jaridu. Jaridu biyu na rana ɗaya da suka ba da labari ɗaya sun isa darasi cikakke.

Malamin Islamiyya, Unguwar Kona:

Bismillahir Rahmanir Rahim. Malama, abin da Baba ya faɗa haka yake, zan ƙara ne kawai ta ɓangaren da na sani. Yawancin yaran da ke gabanki da safe su ne ke gabanmu da yamma, kuma suna da wani tushe da makarantar boko ba ta cika amfani da shi ba. Yaron da ya karanta Arba'una Hadisi ya saba jin an rufe kowane hadisi da faɗin wanda ya ruwaito shi, Bukhari ko Muslim ko Tirmizi. Ya kuma ji aya ta 6 a Suratul Hujurati, inda aka umarci muminai su yi bincike idan fasiƙi ya zo musu da labari, don kada su cuci wasu mutane cikin jahilci su wayi gari suna nadama. Abdullahi ɗan Mubarak ya bayyana cewa isnadi, wato silsilar mutanen da aka ruwaito magana daga gare su, yana cikin addini, kuma ba domin shi ba da kowa ya faɗi abin da ya ga dama. Saboda haka tambayar "wa ya faɗa?" ba baƙuwa ba ce a kunnensu, sai dai ba a taɓa nuna musu cewa tana aiki a kan saƙon waya ba.

Malaman hadisi ba su karɓar ruwaya a matsayin ingantacciya sai silsilarta ta haɗu babu yankewa, masu ruwayar sun zama adalai, sun kuma zama masu kiyaye abin da suka ji daidai, sannan ruwayar ba ta saɓa wa ta waɗanda suka fi ƙarfi ba, kuma babu wata ɓoyayyiyar illa a cikinta. Ina so ki lura da yadda suka raba adalci da kiyayewa, domin a nan ne mutanenmu suka fi faɗawa. Mutum yana iya zama mai gaskiya, mai tsoron Allah, amma bai san abin da yake faɗa ba. Ku tuna watan Agustan 2014, lokacin cutar Ebola, da aka riƙa buga wa mutane waya tun kafin asuba ana cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha. Waɗanda suka bugo ba maƙiya ba ne, uwa ce da kawu da yaya, kowa yana son ya tsirar da nasa. An kwantar da mutane a asibiti, an kuma ba da rahoton mutuwar aƙalla mutum biyu. Adalci ya samu a wannan silsila, sanin abin ne babu, kuma da wani ya bi ta baya da bai tarar da likita ko ɗaya a farkonta ba.

Abin da nake yi da ɗalibaina shi ne, idan wani ya kawo saƙon nan da ake cewa ka tura wa mutum goma za ka ga alheri, sai in sa shi ya rubuta sunan wanda ya turo masa, ya je ya tambaye shi wa ya turo masa, haka har inda silsilar ta tsaya. Galibi ba ta wuce mutum na biyu ko na uku, sai a ce "a wani zauren WhatsApp na gani". Sai in tambayi ajin hukuncin ruwayar da aka samu mutumin da ba a san ko wane ne ba a cikinta, su da kansu su ba da amsa. Haka nake yi da guntun wa'azin da aka yanko na daƙiƙa talatin, in ce sai an nemo cikakken karatun an ji abin da ya gabata da abin da ya biyo baya.

Sai dai ina da jan hankali. A haɗa wannan koyarwa da ladabi, kada yaro ya koma gida yana ƙaryata mahaifinsa a gaban mutane. A koya masa ya ce "Baba, a ina aka ji wannan, ina so in ƙara karantawa", wannan tambaya ce ta mai neman sani. Mu malamai kuma sai mu shirya, domin ranar da yaro ya koyi tambayar madogara, mu ne farkon waɗanda zai tambaya, kuma wanda ya ɗauki bulala a ranar ya rushe darasin gaba ɗaya.

Malamin kwamfuta, Kongo:

Allah ya gafarta Malam, na amfana ƙwarai, musamman da bambancin nan tsakanin adalci da kiyayewa. Amma da izininku zan ɗan saɓa a wuri ɗaya. Malaman hadisi sun yi aiki ne da mutanen da aka san sunansu da garinsu da shekarar rasuwarsu, har aka rubuta littattafai a kan halin kowanne. A intanet kuwa ana ƙera isnadin ne tare da ƙaryar. Mutum zai buɗe shafi ya sa masa tambarin BBC Hausa, ko ya rubuta sanarwa ya liƙa mata hatimin wata ma'aikata da sa hannu, saboda haka yaron da aka koya wa tambayar "wa ya faɗa?" kawai, zai duba takardar ya ga amsa a rubuce ya gamsu. Dole a ƙara masa mataki na gaba, wato ya bar shafin ya je ya ji abin da wasu ke cewa game da shi.

Akwai bincike a kan haka. A 2016 wasu masana a Jami'ar Stanford ta Amurka sun gwada dubban ɗalibai, suka tarar fiye da kashi 80 cikin 100 na 'yan ƙaramar sakandare sun ɗauki tallar da aka rubuta da siffar labari a matsayin labari na gaske, duk da an rubuta a jikinta cewa biya aka yi. A shekarar da ta biyo baya suka sa malaman tarihi 10 masu digirin digirgir, da ɗaliban jami'ar 25, da ƙwararrun masu tantance labarai 10, su auna wasu shafuka. Da yawa daga malaman da ɗaliban sun tsaya suna karanta shafin daga sama har ƙasa, kyan tsarinsa da sunansa suka ruɗe su. Masu tantance labarai kuwa da sun ɗan leƙa sai su fita, su buɗe wasu shafukan su nemi ko su wane ne masu shi, kuma su ne suka fi saurin gano gaskiya. Abin ya yi kama da mai sayen atamfa a kasuwar Sabon Gari, wadda ba ta dogara da tambarin da ke jikin turmin domin ta san ana buga na jabu, sai ta zaga wasu rumfunan ta ji farashi, ta tambayi wadda ta taɓa wanke irinta.

Wannan ba ya buƙatar kowane yaro ya riƙe waya, wayar malama guda ta isa. Ki ɗauki hoton da ke yawo a makon, ki sa shi a Google Lens, manhajar neman asalin hoto, a gabansu, rukuni bayan rukuni su matso su ga inda ya fara fitowa da shekarar da aka ɗauke shi. Sau da yawa hoton da aka ce na rikicin jiya ne sai ya zama na wata ƙasa ne, shekaru da suka wuce. Ki nuna musu alamar kibiya biyu da WhatsApp ke sawa a kan saƙon da aka tura sau da yawa, ki kuma sanar da su cewa akwai masu aikin tantance labarai irin su Dubawa, da aka kafa a Nijeriya a 2018, da Africa Check da ta fara a 2012.

Ga kuma aikin da za a yi da alli kawai. Ki tambaye su yawan mutanen Zariya. Kowa zai kawo adadi daban, sai a bi dalili. Ƙidayar ƙarshe da aka yi a ƙasar nan ta 2006 ce, duk wani adadi na bayanta kiyasi ne. Sannan garin ya ratsa ƙananan hukumomi, a waccan ƙidayar Ƙaramar Hukumar Zariya tana da mutum kimanin dubu 400, Sabon Gari kuma, wadda Samaru ke cikinta, kusan dubu 300. Wanda ya ɗauki ɗaya da wanda ya haɗa biyun duk za su ce "Zariya". Yaron da ya gane haka ya koyi tambayar shekarar adadi, da wanda ya ƙirga, da abin da aka ƙirga.

Batun ƙirƙirarriyar basira kuwa, hani ba zai yi aiki ba, tun da ChatGPT ya fito a watan Nuwamban 2022 abin sai ƙaruwa yake yi. A fahimtar da su cewa manhajar tana jera kalmomin da suka fi dacewa su biyo juna ne, shi ya sa take iya ƙago sunan littafi da marubuci da shekara alhali babu su. A 2023 wata kotu a New York ta ci wasu lauyoyi tarar dala 5,000 saboda sun gabatar da shari'o'in da manhajar ta ƙago musu ba su bincika ba. Maganin a aji shi ne duk wanda ya kawo jinga ya tsaya minti biyu ya kare ta da baki. Wikipedia ma kada a haramta ta, a koya musu gangarawa ƙasan shafin su ga madogaran da aka jera, idan babu ko ɗaya su san matsayin abin da suka karanta.

Abin da nake tsoro shi ne a wuce gona da iri, yaro ya koma cewa komai ƙarya ne. Irin wannan ne ke sa mutum ya ƙi sanarwar hukumar lafiya amma ya gaskata cewa an musanya Shugaba Buhari da wani Jubril daga Sudan, har sai da shugaban ya fito da kansa ya musanta a ƙasar Foland a watan Disamban 2018. Duk darasin da aka fallasa ƙarya a cikinsa, a kawo kuma labarin da aka bincika aka tarar gaskiya ne.

Mataimakiyar shugabar makaranta, Wusasa:

Ƙanwata, sannu da ƙoƙari. Shawarwarin nan duk masu kyau ne, amma bari in faɗi abin da za ki ci karo da shi a ofis. Ana auna makaranta ne da sakamakon WAEC da NECO da JAMB, mai duba malamai kuma idan ya zo littafin tsarin darussa yake buɗewa ya ga ko kin kai inda ya kamata a makon. Idan kika ce za ki ɗauki darasi biyu a kan zamanin Amina, za a tambaye ki ko zai fito a jarrabawa. Saboda haka ki shiga ta inda kike da iko, wato makin gwajin cikin zango, wanda yake hannunki. Ki ware wani kaso nasa ga faɗin madogara kawai, ki sanar da su tun farko cewa shafi ɗaya da hannu mai madogara biyu ya fi shafi goma na firinta. Yaranmu suna bin inda maki yake.

A ganina aji ɗaya na ƙaramar sakandare ya dace a fara, da abu mai sauƙi kamar rubuta sunan littafi da marubuci da shekara a ƙasan kowane aiki. A manyan azuzuwa sai a shiga kwatanta majiyoyi. Ga ɗalibanmu Kirista, tushen da Malam ya ambata yana da makamanci, domin Luka ya buɗe Bishararsa da bayanin cewa ya bi diddigin komai a hankali daga waɗanda suka gani da idonsu kafin ya rubuta.

Sai kuma mu kanmu. A Abuja aka ƙaddamar da ƙawancen duniya na UNESCO kan ilimin neman bayani da tantance shi a 2013, a Abuja kuma aka yi babban taron makonsa a watan Oktoban 2022, manufar ilimi ta ƙasa ma ta ɗora wa masu makarantu samar da laburare. Duk da haka ki leƙa zauren WhatsApp na malaman kowace makaranta ki ga abin da muke tura wa juna. Ina ba da shawarar a fara gwada aikin nan na bin silsilar saƙo a taron malamai kafin a kai shi aji.

Malamar Tarihi, Tudun Wada:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na yanke shawarar fara aikin Amina da 'yan aji biyu a zango mai zuwa, in kuma ware makin madogara kamar yadda Yaya ta ce. Ina kuma so kowane ɗalibi ya yi hira da wani dattijo game da tarihin unguwarsu, ko marina, ko Masallacin Juma'a da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarki Abdulkarimu. Baba, yaya yaro zai rubuta madogara idan majiyarsa kakarsa ce, kuma me zai yi idan maganarta ta saɓa wa littafi?

Tsohon ma'aikacin laburare, Samaru:

Ya rubuta sunanta idan ta yarda, da kimanin shekarunta, da unguwar da aka yi hirar, da kwanan wata. Abu mafi muhimmanci, ya tambaye ta a kan kowace magana ko ta gani da idonta ne ko an ba ta labari, idan an ba ta ne kuma wa ya ba ta, ya rubuta amsar a gefe. Ya rubuta kalamanta yadda ta faɗe su da Hausa kafin ya fassara, kada ya gyara mata. Idan ta saɓa wa littafi, ya kawo duka biyun, ya faɗi wanda ya fi karkata gare shi da dalilinsa, makin kuma ki ba shi a kan dalilin ko da ke ba ki karkata can ba. Ga 'yan mata, ki bari su yi hirar a cikin gidajensu ko na dangi, ki kuma aika wa iyaye 'yar takarda tun kafin lokacin. Takardun da suka yi kyau kada ki mayar musu duka, ki nemi izininsu ki ɗinke su wuri ɗaya ki sa a akwatin, 'yan ajin baɗi su same su su kwatanta da abin da nasu kakannin za su faɗa.